Gona Babu Hannu: A Wuyan Wa Farillar Noma Take?

Doya ba ta san tarakta ba. Shinkafa ta yarda da inji, masara ma haka, amma doyar da ta fito da sunan Salaga da Kpandai da Bimbilla a kasuwannin kudancin Ghana sai an tara mata ƙasa tsibi-tsibi da garma, ɗaya bayan ɗaya, mutum yana duƙe. A binne iri, a ɗora wa kowane tsibi hular ganye ko ciyawa don kada rana ta dafa shi, a kafa sanda don yaɗo, a yi noma, a dawo a yi maimai. Ranar tono ma sai da lallami, domin doyar da ta ji rauni ba ta isa Akra da darajarta. Eka guda tsibi dubbai ne. Aiki ne na ƙugu da kafaɗa, wato aikin saurayi.

A ɗauki dattijo mai shekara sittin da 'yan kai a wani ƙauye da ke kan hanyar Salaga zuwa Makango. 'Ya'yansa maza uku ne. Babban yana tuƙa keke mai ƙafa uku a Kumasi, na biyu yana ramin zinare a kudu, autan yana sakandare ta kwana, wadda gwamnati ta mayar kyauta tun 2017. Kuɗi kan faɗo ta waya jifa-jifa. Gonar da a da ake tayar mata da tsibi daga wannan kuka zuwa wancan rafi yanzu rabinta ya koma saura. Irin wannan dattijo ne yakan tsaya bayan sallar Magariba, ya jira mutane su ragu, ya ce: "Allah gafarta Malam, yaran nan da suka bar ni da gona, babu alhakina a kansu?"

Amsa mai sauƙi tana bakin kowane malami: biyayyar iyaye, albarka, tsoron Allah. Sai dai tambayar ta fi gidan dattijon faɗi. Idan noma wajibi ne a kan al'umma, kuma masu yin sa suna ta janye jiki, zunubin wa ke nan?

Alƙaluma suna da ɗan ruɗi a nan. A ƙidayar 1960, kusan kashi 23 cikin ɗari na mutanen Ghana ne ke zaune a birane. A 2010 suka haura rabi, a 2021 kuma suka kai kashi 56.7 na mutum miliyan 30.8. Duk da haka ƙauyukan arewa ba su zama kufai ba, kamar yadda ake gani a wasu sassan Italiya ko Japan, inda makarantu ke rufewa don babu yara. Jihar Arewa, inda Yendi take, ita ce ma ta fi kowace jiha saurin ƙaruwar jama'a tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2021. Wanda ya shiga gida a Dagbon zai tarar da tsakar gida cike da yara da mata da tsofaffi. Waɗanda zai nema ya rasa su ne 'yan tsakiya, masu shekara goma sha biyar zuwa talatin da biyar, kuma a daidai watannin da gona take kiransu. Ma'aikatar gona ta ƙasar ta sha nanata cewa matsakaicin shekarun manomin Ghana 55 ne. Bakuna sun ƙaru, hannuwa sun ragu.

Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan aiki: farali kifaya, farillar da in wasu suka tsaya mata ta sauka daga kan saura, in kowa ya bar ta kowa ya yi laifi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa noma da saƙa da ɗinki cikin wannan aji a farkon littafinsa na Ihya'u. Ibnul Hajji, Bamalikin da ya rasu a Alƙahira a 1336, ya bi wannan layi a Madkhal, littafin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yawaita kafa hujja da shi. Misalin da kowane almajiri ya sani shi ne sallar jana'iza. To, in gawa ta kwana a unguwa ba a binne ta ba, babu mai hankalin da zai ce laifin ɗan mai haƙa kabari ne shi kaɗai don ya tafi birni. Liman yana ciki, attajiri yana ciki, mai unguwa yana ciki. Abin mamaki, da zarar an zo kan noma sai a manta da wannan, a tattara farillar gari guda a ɗora wa ɗan manomi, kamar shi kaɗai ne aka saukar wa hukuncin.

Shi ma saurayin yana da nasa nassin. Suratul Mulk ta yi umarni da a yi tafiya a sassan ƙasa a ci daga arzikin Allah. Ayar ƙarshe ta Muzzammil ta ambaci masu tafiya neman falala kafaɗa da kafaɗa da masu yaƙi don ɗaukaka addini. Suratu Ƙuraish kuwa ni'ima ta ɗauki fataucin hunturu da na bazara.

Kuma in akwai jama'ar da bai kamata ta yi saurin ganin laifin matafiyi ba, mutanen zango ne. Kalmar kanta masaukin ayari take nufi. Tun ƙarni na 18, musamman a na 19, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno suke keta ƙasar Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yendi, su sauka a Salaga bayan tafiyar watanni. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan hanya. Suna kawo kanwa da tufafi da fata da dabbobi, suna komawa da goron dazuzzukan Asante, har "Gwanja" ta zama kalmar gida a kasuwar Kurmi ta Kano. Kowane madugu da kowane yaron ayari wata gona ya baro a Hausa. Babu wanda ya kira su masu gudun farilla. Jikokinsu ne limamai da attajiran zangunan Ghana a yau.

Sai a tambaya: a lokacin da Salaga take cika da dubban baƙi kowane rani, wa yake ciyar da su? Amsar ba ta da daɗin ji. Bayi ne, a ƙauyukan da ke kewaye da garin, su ne masu noma, su ne masu ɗebo ruwa daga rijiyoyin da Salaga ta shahara da su, su ne masu itace. Har yau akwai wurin da ake kira Wankan Bayi, da Hausa tsantsa, inda ake wanke mutane kafin a kai su kasuwa. Dagbon ta daɗe tana biyan Asante harajin bayi tun daga tsakiyar ƙarni na 18. A shekarun 1880 kuma mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suka cika kasuwar Salaga da Gurunsawan da suka kamo. Kabarin Babatu yana Yendi, inda ya rasu a 1907. Wato a zamanin da ake tunawa da shi da sunan zamanin albarka, mai ilimi da mai jari sun sauke farillar noma ne ta hanyar ɗora ta a kan wanda ba shi da ikon cewa a'a.

Da kasuwa ta mutu, su wa suka fara tashi? Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, Salaga ta ɓalle daga Asante, Asante kuma ta karkatar da goro zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. Yaƙin basasar 1892 a kan sarautar Kpembe, wadda Salaga ke ƙarƙashinta, ya ƙarasa abin da ya rage. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, malamin da ya fi kowa suna a tarihin Salaga, ya kwashe littattafansa ya koma Kete-Krachi, can ya zama liman, can ya rasu a 1934. Shi ne mai waƙar nan ta Hausa a kan talauci da wadata, wadda ta nuna yadda ake wulaƙanta marar abin hannu ko a cikin danginsa. Ba a san shi da wa'azin a zauna a kufai don lada ba. Ƙafarsa ce ta ba da fatawa.

Turawa sun hana cinikin bayi, suka kawo nasu salon. Tun daga 1902 da arewa ta zama yankin kariyar Ingila, aka ɗauke ta a matsayin rumbun leburori. Layin dogo ya isa Kumasi a 1903 ya tsaya cik. Har yau bai taka arewa ba. Aka riƙa yanka wa sarakuna adadin samarin da za su tura mahaƙar zinare ta Tarkwa da Prestea da aikin hanya. A 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen koko, gonakin koko kuwa da gumin 'yan arewa da Mosawa suka bunƙasa, bisa tsarin abusa, inda mai kula da gona ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku. Da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969, ciki har da ɗimbin Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, giɓin da suka bari 'yan arewacin Ghana ne suka ƙara cike shi. Ita kuwa Salaga, tafkin Volta da madatsar Akosombo ta haifar a tsakiyar shekarun 1960 ya yanke mata tsohuwar hanyar kudu. Babbar hanya ta koma ta Kintampo da Buipe, mai son bin Yeji sai ya jira jirgin fito a Makango. Hanyar kudu da saurayin yau yake bi, kakansa ne aka tilasta wa share ta.

An taɓa gwada akasin haka, kuma ya yi aiki na ɗan lokaci. A 1972 gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai, aka zuba rance da taki da tarakta a fadamun arewa, irin su Nasia da Fumbisi da Katanga ta kusa da Salaga. Shinkafa ta yi albarka, girbi ya samar wa mata da samari aikin yi a gida. Daga 1983 aka shiga gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da Asusun Lamuni, tallafin taki ya tafi zuwa wajajen 1990, shinkafar waje ta cika kasuwa. 'Yan matan da iyayensu mata suka yi kalar shinkafa a waɗancan fadamu, su ne suka ɗauki kwano suka nufi Akra.

Sunan da aka ba su ma rabinsa Hausa ne: kayayei, daga "kaya" da kalmar mata a harshen Ga. A tashar mota ta Yendi, bayan an gama kaka, ana ganinsu rukuni-rukuni, kowace da jakar leda mai zane da zani ɗaure a ƙugu, wata da goyo, wata ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba. Uwa tana tsaye a gefen tagar mota tana maimaita sunan 'yar'uwar da za a sauka wurinta. Abin da ake nema sananne ne: kwanuka da zannuwan aure, kuɗin koyon ɗinki, kuɗin makaranta. Masaukin da yawansu kuwa unguwar da ke gefen kasuwar Agbogbloshie ce, wadda ta cika ta batse bayan yaƙin 1994, wanda aka laƙaba wa Yaƙin Zabuwa saboda gardamar ciniki da ta kunna shi a Nakpayili kusa da Bimbilla, inda aka rasa rayuka wajen dubu biyu. Sunan unguwar Old Fadama. Fadamar da babu shinkafa a cikinta, sai ƙarafan bola da ɗakunan katako. Yendi kanta ta ƙara shan wani bugun a Maris na 2002 da aka kashe Sarkin Dagbon, Ya Na Yakubu Andani na Biyu, gari ya daɗe cikin dokar ta-ɓaci, ba a naɗa sabon Ya Na ba sai Janairun 2019. Shekara goma sha bakwai ba kaɗan ba ne a rayuwar mai neman inda zai sa jarinsa.

Abin da tafiyar nan ta karya a ƙauye ya wuce lissafin hannuwa. Hausawa suna da gayya, Dagwamba suna da kpariba, Akan suna da nnoboa, kuma dukkansu bashi ne na gumi: ka aika 'ya'yanka gonar maƙwabci yau, nasa su zo taka gobe, da abinci da kiɗa da gasar wa zai riga kai ƙarshen kunya. A al'adar Konkomba ta dā, har aure da noma ake biyansa, saurayi ya kwashi abokansa shekara da shekaru suna yi wa suruki aiki. Dattijon da 'ya'yansa suka tafi ba shi da abin da zai zuba a wannan adashi, don haka sai ya fita daga zagaye ba tare da kowa ya kore shi ba. Wurin gayya sai ƙwadagon yini, wanda ake kira baide, da jinga, da maganin ciyawar da manoma suka raɗa wa suna kondem, da hayar tarakta. Duk kuɗi a hannu suke so, kuma a lokaci guda kowa yake son su. Mai tarakta yakan fara da manyan gonaki, ya zo kan ƙaramin manomi bayan ruwan shuka ya yi nisa. A ƙasar da damina ɗaya ce tak, makarar sati biyu tana iya cinye rabin rumbu. Ragowar aikin kuwa yana gangarowa kan matan da suka rage, a kan tsintar kaɗanya da cirar gyaɗa da daka da ɗebo ruwan da suke yi tun asali.

Ya kamata a faɗi wani abu da masu wa'azi kan tsallake. Da yawan waɗanda suka bar arewa ba noma suka gudar wa ba. A Techiman da Kintampo da Ejura da filayen Afram, inda ake damina biyu, 'yan arewa ne ke noman masara da doya da rogo, wasu a gonar haya, wasu a kan rabo. Garmar nan dai ce, an kai ta inda take biyan mai ita.

Bawku kuwa labarinta daban ne. A can ƙasa ce ta yi wa mutane kaɗan. Gidajen Kusasi a warwatse suke, kowane gida da gonarsa kewaye da shi, gero da dawa har bakin ƙofa, ƙasar ta gaji, ƙuduji ya samu wurin zama. In an raba gonar uba tsakanin 'ya'ya biyar, babu wanda rabonsa zai riƙe shi shekara. Abin da ya daɗe yana tsayar da samari a gida shi ne noman rani, musamman albasa, a gaɓar Farin Volta da bakin ƙananan madatsu. Kwarurukan nan ma sai bayan shirin yaƙi da makantar rafi da aka fara a 1974 mutane suka samu komawa cikinsu da kwanciyar hankali. Mai lambu yakan fito tun da asuba cikin sanyin hunturu, bokiti biyu a hannu, ya sauka ramin da ya haƙa a yashin kogi, ya hau, ya zuba, ya koma, har ƙafafunsa su tsage. Wanda ya samu injin ban-ruwa ya zama sarki a cikinsu.

Sai ga rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda tushensa ya koma shekarun 1950, ya sake tashi a ƙarshen 2021. Dokar hana fita ta zama abincin yau da kullum, aka hana maza hawa babur a gari, hanyar Bolgatanga da ta Walewale suka zama abin tsoro, har aka kai ga Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya shiga tsakani. Manomin da gonarsa take ɓangaren da ƙabilarsa ba ta isa ta taka ba, me zai yi? Hausawa da Mosawa da Bisa na garin, waɗanda ba nasu ne kujerar ba, su ma kasuwarsu ta mutu. Bugu da ƙari, kusan kowace shekara cikin Agusta ko Satumba sai an buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, ruwa ya shafe gonakin gaɓa. Madatsar Pwalugu da aka ce za ta tare shi, an aza harsashinta a Nuwamban 2019, ba a gina ba. Tirelolin albasar Galmi daga Nijar suna wucewa zuwa kasuwar Adjen Kotoku ta bayan Akra. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a jerin manufofin shari'a, don haka saurayin Bawku da ya tsallake ya bar lambu ba ya ma bukatar a nema masa uzuri.

Akwai hadisai biyu da Imam Buhari ya jera kusa da juna a babin noma, kuma sun daɗe suna ba ɗalibai wahala. Na farko, ta hanyar Anas, yana nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Na biyu, ta hanyar Abu Umama, yana gargaɗin cewa kayan noma in sun shiga gida ƙasƙanci yana biyo su. Yaya sana'a ɗaya za ta zama lada kuma ta zama ƙasƙanci? Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ba da amsar da ta fi dacewa da Salaga: ƙasƙancin daga haraji da danniyar masu mulki yake zuwa, domin manomi shi ne wanda ba ya iya ɗaukar dukiyarsa ya gudu, kowa ya san inda zai same shi. Falke yana iya sauya hanya, malami yana iya sauya gari, gona ba ta tashi. Hausawa suna yi wa noma kirari da na-duƙe tsohon ciniki, amma a duba a ga 'ya'yan masu kirarin, nawa ne a cikinsu suke duƙen.

Haraji na yau ba jangali ba ne, a farashi yake ɓuya. A Agustan 2024, da ruwa ya ɗauke a arewa ana tsakiyar damina, gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje don kada birni ya ji yunwa. A kakar 2025 kuwa, da amfani ya yi kyau, manoman shinkafa da masara suka yi ta kukan rashin masaya, kaya jibge, farashi ya faɗi ƙasa da abin da aka kashe. In abinci ya yi tsada a rufe wa manomi ƙofa, in ya yi arha a bar shi da kayansa. Saurayin da ya ga an yi wa ubansa haka sau biyu a jere ba ya bukatar shaiɗan ya raɗa masa hanyar tasha.

Ko a zakka akwai abin lura. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin yankin ke bi, hatsi irin su gero da dawa da shinkafa ana fitar musu da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar da su, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban-ruwa ne, da zarar sun kai nisabi. Doya da albasa ba sa cikin wannan lissafi, ko da yake Imam Abu Hanifa yana ganin zakka a kan duk abin da ƙasa ta fitar. Shari'a da kanta ta rage rabi saboda wahalar ɗebo ruwa, wato ta san gumi yana da farashi. Kasuwar Techiman ce ba ta sani ba.

Wanda ya fi kowa fito da hukuncin fili shi ne Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328. A littafinsa na Hisba ya ce in mutane suka bukaci noma ko saƙa ko gini, masu sana'ar kuma suka ƙi, shugaba yana da ikon tilasta musu, amma da sharaɗin a biya su ladan da ya dace da aikin, kuma kada a bar kowa ya zalunce su. Masu son rabin farko na wannan magana suna da yawa. Rabin na biyu ne ba shi da masoya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙar siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, a wuyan sarki ya rataya nauyin samar da manoma da masu sana'a a kowane gari, da raya ƙauyuka da gyara kasuwanni da hanyoyi. Bai ce a tara talakawa a yi musu faɗa ba.

Hukuncin da ya fito daga wannan duka ba mai wuyar fahimta ba ne. Farillar noma tana kan duk wanda yake cin abinci a Ghana, gwargwadon ikonsa: mai mulki da hanya da madatsa da zaman lafiya, mai jari da jarinsa, mai saye da farashin adalci, mai ƙarfi da ƙarfinsa. Ɗan manomi ba a haife shi da kason da ya fi na ɗan liman ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mai cin sakwara a unguwannin Nima ta Akra da Aboabo ta Kumasi ya ci ladan.

Wannan bai wanke saurayin tas ba, kuma bai kamata dattijon hanyar Makango ya koma gida hannu rabbana ba. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne na kai da kai a kan ɗa mai hali, ba ya faɗuwa don wani ya yi. Ɗan da yake Kumasi ba a ce ya dawo ya duƙa ba, amma kuɗin leburan da za su tsaya a madadinsa haƙƙi ne a kansa, kuma a kan lokaci, ba ya riƙe sai Sallah ya zo da shadda da sabuwar waya ba. Shi kuma na ramin zinare, in irin haƙar nan ta ba bisa ƙa'ida ba ce, galamse, da ta mayar da kogunan Pra da Offin da Ankobra ruwan kunu, tana zuba musu guba, to tambayarsa ta wuce ta barin gona, ta koma ta cutar da gonakin wasu.

Saura limamai da attajiran zango, daga Salaga da Yendi da Bawku har Kumasi da Akra. Fiƙihun da suke karantarwa yana da kayan aiki a ajiye: wakafi, wanda zai iya zama tarakta ko injin ban-ruwa kamar yadda yake zama masallaci, cinikin salam, inda ake ba manomi kuɗi tun kafin shuka a kan farashin da ba na cuta ba, da umarnin a biya lebura kafin guminsa ya bushe. Huɗubar farali kifaya, in za a yi ta, a yi ta a gaban sahun da motoci ke jira a waje, kuma a yi ta da wuri. Ruwan farko yana sauka a Salaga cikin Afrilu, a Bawku wajajen Mayu, kuɗin huɗa kuwa kafin nan ake bukatarsa.